Tiyar Magajiya da Makullin Alhaji Barmo

Jibiya, ranar Litinin.

Zuwa ga maigidana Sada,

Sallama da gaisuwa daga uwargidanka da ka tafi birni ka bari da kaji da ciwon gwiwa. Ina roƙon Allah Ya sa mota ta sauke ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ido, Ya sa ka shiga ofis da ƙafar dama. Mu nan lafiya lau muke. Labarin gida ba shi ya zaunar da ni ba, direban da zai miƙa maka wannan takarda ya fi ni surutu, zai ba ka har da wanda bai faru ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a ajin yaƙi da jahilci na koye shi. Inda layi ya karkace, sai ka karkata kai.

Tun ranar da takardar ɗaukarka aiki ta zo ban san da ciwon gwiwa ba sai da dare ya yi. Na gaya wa kowa, har da waɗanda ba su tambaya ba. Na tsaya gaban Kande mai ƙosai na ce, “Jikana odita ne.” Ta ce, “Mi ke nan kuma, wani sabon soja ne?” Na ce, “Mai duba kuɗin gwamnati ne, ya ga ko inda aka ce sun tafi can suka tafi.” Ta juya ƙosai ta ce, “To shi wa ke duba shi?” Na ce, “Ni.” Muka yi ta dariya. Da na dawo gida sai na ga ashe ba wasa na yi ba. To ga ni na zo dubawa.

Maganar makullin nan ce. Ranar da za ka tafi ka fito da shi daga aljihu kana kaɗa mini shi. Ka ce Alhaji Barmo, ɗan kwangilar da ke gina azuzuwan makaranta a Daddara da Bugaje, ya ba ka ɗaki a gidansa na Kaduna, da fanka da wutar lantarki, ba haya, abinci kuma daga cikin gida, har akwai babur a ajiye ba mai hawa. Kai da bakinka kuma ka taɓa ce mini ofishinku ne ke duba takardun kuɗin irin waɗannan gine-gine. A ranar na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Yau na zo in janye guɗata. Amma ka san ni, ba na janye abu sai da labari, don haka ka gyara zama.

Kafin a haife ka, lokacin babanka bai fi tsayin turmi ba, aka yi wata rigima a kasuwar nan. Matan da ke zuwa daga tsallaken iyaka, mutanen Faransa kamar yadda muke ce musu a lokacin, suka fara ƙorafi wai tiyar Jibiya ba ta cika. Su auni gero a nan, in sun kai gida sun sake aunawa sai su ga ya rame a hanya kamar jakin da ya ɗauko shi. Sarkin kasuwa ya ce to ma'auna su fitar da mace ɗaya ta riƙa duba tiyoyi. Aka kawo tiya sabuwa fil, aka yi mata shaida da ƙusa, aka ce ita ce uwa, kowace tiya da ita za a gwada ta. Shugabar ma'auna a lokacin ita ce Magajiya, mace mai jiki, mai dariya, mai kyauta. Ita ta nuna ni ta ce, “A ba Hajo, bakinta ba ya jin tsoro.”

Sada, ka ga kakarka a ranar! Na ɗaura sabon zane, na ɗora tiya a ka kamar an ba ni sarauta. Aikin ba wuya. Ka cika uwar tiya da gero har ya yi tsororo, ka juye a ta mai awo. In ya zube ƙasa da yawa, tata ba ta kai ba. Masu wayo kuwa taɓarya suke sa wa su ɗan lotsa gindin ya shigo ciki, in gero ya rufe ba mai gani.

Ranar farko na so kasuwa ta san an yi sabuwar hukuma. Na hango wata tsohuwa daga Bugaje, Iya Tasalla, tiyarta duk ta lanƙwashe. Ban gwada ba, ban tambaya ba, na ɗaga ta sama na ce, “Jama'a ku zo ku ga abin da ke kore mana baƙi!” Mutane suka taru. Tsohuwar ta ce, “Ɗiyata, daga kan jaki ta faɗo. Auna mana tukuna.” Na auna. Geron uwar tiya ya shige duka, har da sauran wuri. Ashe waje ta kumbura, baiwar Allah shekara da shekaru ita ake cuta, tana ba mutane fiye da haƙƙinsu. Kasuwa ta fashe da dariya, har mahauta suka baro nama suka zo kallo. Na daɗe ana kirana Alƙaliyar Jaki.

Kai ma za su ba ka biro mai launi da kujera, za ka ji kanka ya yi girma. Na san ka, tun kana ƙarami in an ba ka riƙon ragama sai ka fara yi wa akuya wa'azi. Kada ka ɗaga takardar kowa sama kafin ka auna. Kuma ka lura da kanka, hannu yana saurin zuwa kan ƙaramin akawu da ɗan masinja, don su ba sa iya rama harara.

Bayan wannan kunya Magajiya ta jawo ni jiki. Ta ce, “Zo ki zauna rumfata, rana za ta kashe ki.” Kowace Lahadi, ranar kasuwa, sai ta aika a damo fura da nonon Fulanin Daddara, mai kauri, wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Ban taɓa shan irinta ba kafin nan, kuma wallahi har yau ban sake ba. Ta ba ni turmin atamfa da sallah. Da babanka ya yi ƙyanda ita ta biya mai magani. Ko sau ɗaya ba ta ce, “Hajo kada ki duba tawa” ba. Ka riƙe wannan da kyau: ba ta taɓa faɗa ba.

Ni ce dai kullum in na zagaya kasuwa sai in ga rana ta yi kafin in iso kan tata. Wata Lahadi ina shan fura, an kife tiyoyi ana hutawa, idona ya sauka a kan gindin tiyar Magajiya. Ga lotsa nan, zagayayye, daidai kan taɓarya. Wannan ba daga jaki ta faɗo ba. Ka san abin da kakarka mai bakin da ba ya jin tsoro ta yi? Na mayar da idona cikin ƙwarya na ci gaba da sha. Har na ce a raina ƙila inuwa ce.

Haka aka yi ta tafiya har wata mata mai suna Rabi, da ke zuwa daga wajen Maraɗi da jakuna biyu, ta tsaya a kaina a gaban mutane. Ta ce, “Ke mai dubi, mi kika duba? Kin duba ta talakka kin bar ta mai hura. Ki goge bakinki, nono ya nuna.” Na kai hannu na goge. Wallahi akwai nonon.

To ga abin da nake so ka gane, angona. Ba wanda ya saye ni. Da an zo da kuɗi an ce “ga shi ki yi shiru”, da na tara wa mutum jama'a. Ciyar da ni aka yi, da fara'a, da zumunci, har bakina ya yi nauyi da kansa. Kunya ta fi cin hanci ƙarfi a garin nan. Kai da ba ka iya ce wa mai tallan gyaɗa “ba na saye”, yaya za ka yi da mutumin da matarsa ke aiko maka tuwo da miyar kaza kowane dare?

Maganar Rabi ta hana ni sakat. Sai na yi wata dabara da na ɗauka hankali ce. Na bi Magajiya gida, na ja ta gefe na ce, “Yaya, tiyarki fa ba ta kai ba, ki canza kafin a gani.” Ta riƙe hannuna ta ce, “Allah Ya yi miki albarka, haka ake son ƙanwa.” Har ta cika mini ƙwarya da gyaɗa. Lahadi ta zagayo, na ɗaura zanena na iso, sai na tarar da uwar tiya a kan ɗiyar ƙanwarta. Magajiya ta ce da murmushi, “Hajo, mun ga aikin yana wahalar da ke, ki huta.” Ita ta naɗa ni, ita ta sauke ni, tsakanin loma da loma. Na tsaya ina hayaniya, amma ba tiya a hannuna, wa zai saurare ni? Mai ƙuli ma cewa ya yi in matsa ina tare masa ciniki.

Laifina a nan, wadda na duba ita na kai wa rahoto. Ba don ita aka sa ni aikin ba, don masu saye aka sa ni. Su ne ba su da ido a gindin tiya. In ka ga abu a takarda, ka bi da shi hanyar da aikinku ya shimfiɗa, zuwa ga na gaba da kai a ofis, a rubuce. Kada ka bi mutum zaure ka raɗa masa don kana jin nauyinsa. Zai gode maka, zai ba ka gyaɗa.

Allah Ya sa abin bai ƙare a nan ba. Matan tsallake suka daina zuwa, suka koma wata kasuwa. Gero ya yi kwantai, masu jakuna suka rasa dako, har mai fura ta fara kuka. Sai aka tara kowa gindin tsamiyar bakin kasuwa, masu saye da masu sayarwa, na nan da na can. An yi rana ana musu. Rabi ta fi kowa murya. A ƙarshe ga yadda aka tsaya. Ba shugabar ma'auna za ta zaɓi mai dubawa ba, taron nan ne zai zaɓa, kuma ba mai sauke ta sai taron ya sake zama an faɗi laifinta kowa ya ji. Uwar tiya a gidan liman za ta riƙa kwana. Abin da aka gani, a bainar jama'a za a faɗa. Ladan mai dubawa kuwa, kowace ma'auniya ta zuba tafi ɗaya a buhu guda, a cakuɗa, yadda in ta yi tuwo ba za ta san geron wa take ci ba.

Da aka zo zaɓe, Iya Tasalla ce ta ɗaga murya ta ce, “A mayar da Alƙaliyar Jaki. Ta riga ta sha kunya iri biyu, sabuwa sai ta fara daga farko.” Ka ji dalilin da aka ba kakarka muƙami. Na tashi na nufi rumfar Magajiya kafin ta kowa. Na cika, na juye. Gero ya zubo har kan ƙafarta. Magajiya ta dube ni, ta dubi geron, sai ta tuntsire da dariya ta ce, “Ja'ira, duk furata!” Ta miƙo mini tiyar ta ce, “Riƙe, ki ba kajinki dawa da ita.” Ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Daga baya muka shirya, kuma ta fi ganin girmana fiye da lokacin da nake ƙarƙashin rumfarta. Allah Ya jiƙanta, mace ce mai alheri da lotsa ɗaya.

Na tuna daren jajibirin tafiyarka, a'a, da yamma ne, kana karanta mini jarida kan sabon tsarin mulkin da aka rubuta don mulkin farar hula. Ka ce an sa a ciki cewa babban oditan jiha, gwamna ba zai naɗa shi shi kaɗai ba sai majalisa ta yarda, ba zai kuma tashi da fushi ya kore shi ba sai mafi yawan majalisa sun nema, rahotonsa majalisa zai kai wa, kuma a cikin aikinsa ba mai ba shi umarni. Ka ga na yi ta gyaɗa kai, ka ɗauka barci nake. Daɗi nake ji. Sauran abubuwan da ka karanta ban gane su ba, sun fi ƙarfin ajinmu, amma wannan na gane shi har cikin ƙashina, don an taɓa sauke ni da murmushi. Allah Ya saka wa waɗanda suka rubuta. Yanzu da kuɗin mai suka cika ƙasa, ko'ina siminti, ko'ina kwangila, manyan motoci sun yi layi daga Magama har shingen kwastan, yaron da jiya ke tura kura yau yana da babur, ai dole a sami wanda zai riƙe uwar tiya ba ya tsoron kowa.

Sai dai takardar nan ta tsare ubangidanku daga kora ne. Ba za ta bi ka gida ta zauna tsakaninka da kwanon tuwo ba. Wannan tsaron kai za ka yi wa kanka.

Kada ka ce tsohuwa tana wa'azi daga tudu. Bari ka ji na makon jiya. Kwana biyu da tafiyarka sai ga motar Alhaji Barmo a ƙofar gida. Aka sauke buhun shinkafa 'yar waje da rediyo mai kaset, wai a ba Iya ta taya murna. Sada, na yi rawa. Na kunna shi har kaji suka gudu bayan rumbu. Na kira Kande muka dafa shinkafar da mai da yaji, muka ci har muka kasa tashi. Washegari na fita ba kaji dawa, na kife tsohuwar tiyar da nake ba su a ciki in kakkaɓe, sai ga lotsan nan yana kallona. Ka san wace ce uwar Barmo? Magajiya. Ina goye da babanka aka yaye Barmo.

Na kai hannu na goge bakina, ni kaɗai a tsakar gida.

Na sayar da zakaran nan mai cika mana kunne, na sayi shinkafa na mayar da abin da muka ci, na sa aka ɗora a kura, buhu da rediyo, har gidansa na nan Jibiya. Na same shi a zaure da baƙi. Ya ce, “Haba Iya, mi ya yi zafi? Ai zumunci ne.” Na ce, “Barmo, zumuncin nan shekara nawa yana wuce ƙofar gidana da mota, bai taɓa yin ko hon ba, sai yanzu ya gane hanya?” Baƙi suka sunkuyar da kai suna dariya. Shi ma ya yi dariya, irin ta uwarsa sak, ya ce, “Iya, kin ɗauka ginina ba shi da kyau ne?” Na ce, “Ban ce ba. Ban sani ba, Sada ma bai sani ba, shi ya sa aka ɗauke shi aiki. In ginin na da kyau, ka fi kowa buƙatar wanda bai ci tuwonka ba ya faɗa, don a yarda.” Sai ya ce, “To rediyon fa? Ko shi ki riƙe.” Wallahi a nan aka jarraba imanina. Na shafa rediyon, na ce masa ka gaida gida. Ya ce, “Ɗakin Kaduna fa?” Na ce, “Ba ni na karɓi makulli ba. Mai gidana ne, shi zai kawo maka amsa.”

To ka ji, na yi nawa, saura kai. Barmo ba mugu ba ne, kada ka yi masa rashin kunya. Ka sa rigarka mai kyau, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka gode, ka ajiye makullin a gabansa. In ya matsa, ka ɗora mini laifin, ka ce matarka ta Jibiya ce ta hana, masifaffiya ce. Duk garin nan za su shaida. Na riga na aika wa Idi, ɗan ƙanena da ke aikin jirgin ƙasa, ya ce akwai ɗakin haya kusa da shi a Tudun Wada. Ba fanka, ka saya da albashinka na farko, bayan ka cire kuɗin goro na. Ka tuna 'ya'yan ƙannenka ne za su zauna ƙarƙashin rufin azuzuwan nan in damina ta sauka. Ina so ranar da takardar ginin ta zo teburinka, idonka ya tsaya a kanta, kada ya koma cikin ƙwarya.

A cikin ƙullin da direba zai ba ka akwai daddawa, da kuka, da yajin da kake so, da tabarma. Abin da ke naɗe a tsohon zane kuwa tiyar Magajiya ce. Na wanke ta da toka, kaji sun yi fushi amma za su haƙura. Ka riƙa jiƙa garinka a ciki. Ba ta cika kamar sauran, don haka ba za ka yi tumbi da wuri ba, kuma duk abin da ke cikinta kai ka saya. In ka gama ka kife ta.

Direban zai dawo ranar Lahadi, kuma zan tare shi tun kafin ya kashe mota in tambaye shi a wace ƙofa ya same ka. In ya ce gidan Barmo, to ka aiko mini da takardata, akwai wani ɗan duwan, wato kwastan na tsallake, mai gashin baki da ya daɗe yana gaishe ni. In ya ce Tudun Wada, zan mayar da guɗar da na janye, a tsakiyar kasuwa, har Maraɗi sai sun ji.

Allah Ya tsare mini kai, fita da shiga. Ya ba ka shugabanni masu tsoronSa da abokai na gari, Ya raba ka da abin kunya, Ya sa abincinka ya zama halal ko da gari ne da ƙuli. Ka riƙe sallah, ka rufe ƙirjinka in sanyi ya zo, kada ka hau babur ɗin kowa. Ka gaida Idi da iyalinsa.

Ni ce taka har kullum, mai duba mai dubawa,

Hajo.